Gwajin Korona, Rigimar Magunguna da Kuɗin Kula da Asusun ETF: Tambayoyi da Amsoshi

Shekarar 2020 ta sa mutane da dama karatun abubuwa biyu da a da ba su dame su ba: sakamakon binciken magunguna da farashin hannayen jari. Ana kulle a gida, waya na hannu, labarin sabon magani na shigowa da safe, kafin yamma hannun jarin kamfanin da ya yi shi ya tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda har yanzu ake maimaitawa a kan duka biyun. Wannan bayani ne na ilimi, ba ya maye gurbin likita ko mai ba da shawarar zuba jari.

Me ya haɗa gwajin cuta da asusun zuba jari a wuri ɗaya?

Lissafin kashi cikin ɗari. An ce gwaji na da inganci kashi 99, an ce magani na rage haɗari da kashi 89, an ce asusu na cire kashi 0.75 kacal a shekara. Kowace daga cikin lambobin nan gaskiya ce, kuma kowace tana iya ɓatar da mutum idan bai tambayi kashin na mene ne ba, a kan su wa aka auna shi, kuma na tsawon wane lokaci. Akwai kuma haɗi na zahiri: ɗimbin kuɗi sun kwarara cikin asusun kamfanonin magani da fasaha a lokacin annobar, kuma da yawa daga masu kuɗin ba su duba abin da ake cire musu ba.

Mene ne bambancin gwajin PCR da gwajin gaggawa?

PCR yana neman ƙwayar halittar cutar ne, ya yi ta ninka ta a na'ura. Kowane zagaye yana ninka abin da ke cikin samfurin sau biyu, don haka bayan zagaye 30 ɗan abin da ido ba zai taɓa gani ba ya ninku kusan sau biliyan ɗaya. Shi ya sa yake kama cuta ko da 'yar kaɗan ce, amma yana buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararru, kuma a lokacin cunkoso sakamako kan ɗauki kwanaki. Masanan asibitin Charité na Berlin a Jamus, ƙarƙashin Christian Drosten, sun fitar da tsarin gwajin tun Janairun 2020. Amurka kuwa ta yi tuntuɓe: kayan gwajin farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta raba a Fabrairun 2020 sun zo da matsala, ƙasar ta yi asarar makonni masu tsada.

Gwajin gaggawa yana neman wani furotin ne na jikin ƙwayar cutar, ba ya ninka komai, sakamako na fitowa cikin minti 15 zuwa 30. Sai cutar ta yi yawa a hanci yake ganinta. Rauninsa ke nan, amma kuma yawanci lokacin da cutar ta yi yawa a hanci ne mutum ya fi yaɗa ta.

Gaskiya ne PCR na mai da masu lafiya marasa lafiya?

Akwai ɗan gaskiya a cikin ƙorafin, an dai ja shi ya wuce iyaka. Lambar zagayen da na'ura ta fara ganin cutar ita ake kira Ct. Idan ta gan ta a zagaye na 18, cutar na da yawa ƙwarai. Idan sai a na 36 ta gani, abin da ke wurin kaɗan ne, kuma zai iya kasancewa ragowar matacciyar ƙwayar cuta ce a jikin wanda ya riga ya warke. Akwai waɗanda gwajinsu ya ci gaba da nuna cutar har kusan wata uku bayan sun tashi. A Janairun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tunatar da ɗakunan gwaji su yi taka-tsantsan da irin wannan sakamako mai rauni, su haɗa shi da yanayin majinyacin.

Inda ƙorafin ya karye shi ne iƙirarin cewa annobar duka ƙirar gwaji ce. Yawan mace-macen da ya haura na shekarun baya a ƙasashe da dama ba ya buƙatar PCR kafin a ƙirga shi, rajistar mutuwa ta isa. Kuma Ct mai yawa kan iya nufin farkon kamuwa, ba ƙarshenta kaɗai ba, don haka ba a watsar da shi haka nan. Maganganun da ake jingina wa Kary Mullis, wanda ya ƙirƙiro PCR ya kuma samu lambar Nobel a 1993, ba a kan korona ya yi su ba, domin ya rasu a Agustan 2019, kafin cutar ta ɓulla.

Idan gwaji na da inganci sama da kashi 99, ta yaya zai yawaita ba da sakamakon ƙarya?

Nan ne lissafi ya fi ruɗa mutane, har da wasu likitoci. Ga misali na ƙiyasi. A ce gwaji yana kuskuren cewa mai lafiya na da cuta sau 5 a cikin 1,000, kuma yana kama masu cutar 8 cikin 10. Aka gwada mutum 10,000 a lokacin da cutar ta lafa, mutum 10 ne kawai ke ɗauke da ita. Gwajin zai kama 8 daga cikinsu, sannan ya yi kuskure a kan masu lafiya kusan 50. Ke nan cikin mutum 58 da aka ce suna da cuta, 8 ne kaɗai ke da ita.

Yanzu a ɗauki wannan gwajin dai, a yi amfani da shi lokacin da cutar ta yi kamari, mutum 1,000 cikin 10,000 na ɗauke da ita. Zai kama 800, ya yi kuskure a kan 45. Wannan karon kusan duk wanda aka ce yana da cuta, yana da ita. Gwajin bai canza ba, yawan cutar a cikin jama'a ne ya canza ma'anar sakamakon. Rabin gardamar da aka sha a 2020 tsakanin mutane ne da kowanne ke magana a kan wani lokaci daban ba tare da ya faɗa ba.

To gwada kowa da kowa ya yi amfani?

Ya danganta da abin da ya biyo bayan gwajin. Koriya ta Kudu ta haɗa gwaji da bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da killace su, ta kuma ga amfaninsa. Sulobakiya ta gwada mutum sama da miliyan 3 a ƙarshen mako guda a 2020, cutar ta ja baya, sannan ta dawo da ƙarfi cikin hunturu. A gwajin gama-gari na Liverpool a Ingila, Nuwambar 2020, gwajin gaggawa ya kama kusan kashi 40 ne na waɗanda PCR ya kama, ko da yake ya fi ƙoƙari sosai a kan masu cutar da yawa a jiki. Wanda aka ce masa yana da cuta amma ba shi da halin zaman gida saboda abin da zai ci, gwajinsa bai tsayar da komai ba.

Me ya faru da haidiroksikulorokwin?

A Maris ɗin 2020 likita Didier Raoult na birnin Marseille a Faransa ya fitar da bincike a kan majinyata 36, ya ce wannan tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro na kawar da cutar korona daga hanci. Ba a raba majinyatan ta hanyar ƙuri'a ba. Mafi muni, an cire mutum 6 daga cikin waɗanda suka sha maganin kafin a yi lissafi, alhali 3 daga cikinsu an kai su sashen kulawa ta musamman, 1 kuma ya rasu. Duk da haka shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yi ta yabon maganin, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi izinin gaggawa a ƙarshen Maris, masu cututtukan gaɓɓai da garkuwar jiki da suka dogara da shi tun tuni suka fara rasa shi a kantunan magani.

Ɓangaren masu adawa ma ya yi abin kunya. A Mayu mujallar Lancet ta buga binciken da ya ce maganin na ƙara kashe mutane, bisa bayanan wani kamfani mai suna Surgisphere. Da aka nemi ganin bayanan, kamfanin ya kasa kawowa, aka janye binciken a farkon Yuni. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin RECOVERY na Birtaniya, inda majinyata sama da 1,500 suka sha maganin aka kwatanta su da waɗanda ba su sha ba, ba a ga ya ceci rai ba. FDA ta janye izininta ranar 15 ga Yuni, 2020. Takardar Raoult kuwa sai a Disambar 2024 mujallar da ta buga ta ta janye ta.

Wane magani ne aka tabbatar ya ceci rayuka?

Deksametazon, tsohon maganin kumburi mai arha da ke kusan kowane asibiti a duniya. Ranar 16 ga Yuni, 2020 masanan Jami'ar Oxford, Peter Horby da Martin Landray, suka sanar da sakamakon RECOVERY: an ba majinyata 2,104 miligiram 6 a kullum har kwana 10, aka kwatanta su da 4,321. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, mace-mace sun sauko daga kusan kashi 41 zuwa 29. A cikin masu buƙatar iskar oksijin kaɗai, raguwar ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfana ba, alamu ma sun nuna zai iya cutarwa, domin yana kwantar da garkuwar jiki ne a daidai lokacin da ake buƙatarta. Masu saye su sha a gida da zarar sun ji zazzaɓi sun karanta rabin labarin ne.

Wannan sakamako ya kuma raunana zancen cewa an danne magungunan arha don a sayar da masu tsada. Babbar nasarar farko ta maganin arha ce, kuma cikin kwanaki asibitoci suka rungume ta.

Aibamektin, maganin tsutsa, fa? Ba maganin da ya samu lambar Nobel ba ne?

Shi ne. William Campbell da Satoshi Omura sun samu Nobel a 2015 saboda shi, kuma ya ceci idanun miliyoyin mutane daga makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Amma kyawunsa a kan tsutsa bai ce komai ba game da korona. Zancen ya taso ne daga binciken Jami'ar Monash ta Ostireliya a Afrilun 2020, wanda aka yi a cikin kwanon gwaji da adadin da ya zarce abin da jinin ɗan Adam ke kaiwa idan ya sha ƙa'idar maganin. Binciken Masar da ya fi kowanne nuna nasara an janye shi a Yulin 2021 bayan an gano maimaita bayanan majinyata a cikinsa. Manyan gwaje-gwaje na ƙuri'a, irin su TOGETHER a Barazil mai majinyata 1,358, ba su ga ya rage kwanciya asibiti ba.

Amma na san wanda ya sha ya warke.

Galibin waɗanda suka kamu da korona sun warke, sun sha wani abu ko ba su sha ba. Shi ya sa ake raba majinyata gida biyu ta ƙuri'a, don a ga abin da zai faru ba tare da maganin ba.

Me ake nufi da maganin korona na Paxlovid ya rage haɗari da kashi 89?

A gwajin kamfanin Pfizer, kusan 7 cikin 100 na waɗanda ba su sha maganin ba sun kwanta asibiti ko sun rasu, su kuwa waɗanda suka sha ba su kai 1 cikin 100 ba. Sakamako ne mai ƙarfi. Sai dai mutanen da aka gwada masu rauni ne da ba su yi rigakafi ba, kuma sun fara sha a kwanakin farko na ciwon. Da aka gwada shi a kan masu ƙaramin haɗari, ba a ga wannan fa'ida ba. Idan haɗarinka tun asali ɗan kaɗan ne, rage shi da kashi 89 ba wani babban canji ba ne a aikace. Kuma sinadarin ritonabir da ke cikinsa yana karo da magunguna da dama, ciki har da wasu na zuciya da na kitsen jini, don haka likita ne zai duba.

Ramdesibir na kamfanin Gilead ya fi jawo saɓani. Gwajin Amurka ya nuna ya rage kwanakin jinya daga 15 zuwa 10, sakamakon farko na gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya bai nuna tasiri a kan mace-mace ba. FDA ta amince da shi a Oktoban 2020, bayan wata guda hukumar ta duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi ga majinyatan asibiti. A 2020 farashinsa a Amurka ga masu inshora mai zaman kanta dala 3,120 ne. Hukumomin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, ɗaya kwanaki take ƙirgawa, ɗayar rayuka.

Mu koma kan kuɗi. Mene ne ETF?

Asusu ne da ke tara hannayen jarin kamfanoni da yawa, ko takardun bashi, ko zinari, a kwando ɗaya, sannan a riƙa cinikin kason kwandon a kasuwar hannayen jari kamar kowane hannun jari. Galibinsu suna bin wani ma'aunin kasuwa ne, misali S&P 500 mai manyan kamfanonin Amurka kusan 500. Na farko a Amurka shi ne SPY, wanda ya fara a Janairun 1993. Tunanin bin kasuwa gaba ɗaya da kuɗi kaɗan kuwa John Bogle na Vanguard ne ya kawo shi ga talakan mai zuba jari a 1976.

Nawa ake cirewa, kuma me ya sa ban taɓa ganin rasit ba?

Ba za ka gani ba, domin ana zare kuɗin kula ne kullum, kaɗan-kaɗan, daga dukiyar asusun kafin a fitar da farashi. SPY na cire kusan kashi 0.09 cikin 100 a shekara. VOO na Vanguard da IVV na iShares, waɗanda ke bin ma'auni ɗaya da shi, suna cire 0.03, wato dala 3 a kan kowace 10,000. Asusun ARKK, wanda manajoji ke zaɓar kamfanoninsa da kansu, yana cire 0.75, wato dala 75.

Ga ƙiyasi. A ce ka sa dala 10,000, kasuwa na ba da kashi 7 a shekara har shekara 30. Da kuɗin kula na 0.03 za ka tashi da kusan dala 75,500. Da na 0.75, kusan 61,600. Da na kashi 1, kusan 57,400. Abin da aka cire a shekarar farko ba zai haihu a shekaru 29 da suka rage ba, nan asarar take taruwa. Kuma ana cirewa ko asusun ya ci riba ko ya faɗi. Ribar gobe ba wanda ya san ta, amma kuɗin kula a rubuce yake tun kafin ka saya, a takardar bayanin asusun.

Shi ke nan abin da zan biya?

A'a. Akwai tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. A asusu mai yawan ciniki irin SPY ba ta kan wuce senti ɗaya na dala ba, a ƙaramin asusu kuwa tana iya fin kuɗin kula na shekara guda, kuma kana biyan ta da shiga da fita. Takan faɗaɗa a mintocin farko bayan buɗe kasuwa, shi ya sa ya fi kyau ka ƙayyade wa dillali farashin da ba za ka wuce ba.

Akwai haraji. Amurka na riƙe kashi 30 na rabon riba daga baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Asusun da aka yi wa rajista a Ailan yana biyan 15 ne a kan rabon ribar kamfanonin Amurka, don haka wani lokaci wanda ya ɗan fi tsada a takarda ya fi sauƙi a aljihu. Sai kuɗin canji, wanda wasu dillalai ke ɓoyewa a cikin farashin canjin kansa. Hanya mafi sauƙi ta ganin ainihin tsadar asusu ita ce kwatanta abin da ya ba da a shekaru da dama da abin da ma'aunin da yake bi ya ba da.

Dillalina ya ce ba ya karɓar la'ada. Ina yake samun nasa?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun da kamfanin dillanci na Charles Schwab da takwarorinsa suka soke la'ada a Oktoban 2019, samunsu na fitowa daga ruwan kuɗin da ka bari a ajiye, daga bashin da suke ba masu ciniki, wasu kuma daga abin da manyan 'yan kasuwa ke biyan su don a turo musu odarka.

Me ya faru da ETF a lokacin da kasuwa ta rushe a 2020?

Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris ma'aunin S&P 500 ya faɗi kusan kashi 34, an dakatar da ciniki na wucin gadi har sau 4 a watan Maris. Asusun manyan hannayen jari sun bi kasuwa ba tare da matsala ba. Na takardun bashi kuwa, wasu manya an yi cinikinsu da kusan kashi 5 ƙasa da ƙimar abin da ke cikinsu. Masana na gardama har yau ko asusun ne ya kauce ko kuwa ƙimar takardun ce ta tsufa saboda an daina cinikinsu. Ko wanne ne, wanda ya sayar a firgice a ranakun ya biya kuɗin da ba a rubuta a kowace takarda ba. Lamarin ya lafa bayan babban bankin Amurka ya sanar ranar 23 ga Maris cewa zai sayi takardun bashin kamfanoni, har da irin waɗannan asusun.

Ashe ba hikima ba ce a sayi asusun kamfanonin magani lokacin annoba?

Da wuya. ARKK na Cathie Wood ya tashi da kusan kashi 150 a 2020, sai kuɗi suka kwararo a ƙarshen shekarar da farkon 2021, daf da ƙololuwa. Ya faɗi kusan kashi 23 a 2021, ya ƙara faɗuwa kusan 67 a 2022, ana ta cire 0.75 ɗin nan. Hannun jarin Moderna ya tashi daga kusan dala 20 a farkon 2020 zuwa sama da 450 a Agustan 2021, ya dawo ƙasa da 50 a ƙarshen 2024, alhali rigakafin kamfanin ya yi aiki. Kuɗin shigar Pfizer ya haura dala biliyan 100 a 2022, ya sauko ƙasa da 60 a shekarar da ta biyo. Kafin labarin magani ya iso wayarka, manyan 'yan kasuwa sun riga sun sa shi cikin farashi. Asusun da ke bin ɓangare ɗaya kuma yakan fi na kasuwa gaba ɗaya tsada.

Akwai ETF da ya dace da Shari'a, kuma ya tsadarsa?

Akwai. Irin su SPUS da HLAL a Amurka suna tace bankunan ruwa, giya, caca da kamfanonin da bashi ya yi wa yawa, kwamitin malamai na duba su. Kuɗin kularsu yana wajen kashi 0.5, wato ya ninka na VOO fiye da sau goma, kuma da yake an cire bankuna sukan karkata sosai ga kamfanonin fasaha da na lafiya. Yawancinsu suna fitar da adadin da mai jari zai cire daga rabon ribarsa ya bayar don tsarkake ta, a sa wannan ma a cikin lissafin tsada.